Tono Irin na Mutumin Ailan

Saura ƙiris in bar wannan labari ya tafi babu rubutu, domin mai shi ba ta son a ɗaga sunanta a cikin mutane. Amma waɗanda suka san abin sai ƙarewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, don haka ga yadda ya faru.

A shekarar babban ruwa ne, ana tsakiyar yaƙin duniya, shekarar da ruwa ya cika Masallacin Harami har aka ce akwai waɗanda suka yi ɗawafi da iyo. Rumasa'u tana da shekara goma sha takwas, ita kaɗai ce ta rayu cikin 'ya'yan Malam Wada da matarsa Ramlatu. Suna zaune can ƙarshen Misfala, inda Takari suke kafa sandaka, ɗakin nan da ake harhaɗawa da fasassun gwangwanayen kananzir da buhu da guntun katako. Wurin kwari ne, kowa ya sani. Duk ruwan da ya sauko daga duwatsun Makka ta nan yake bi ya fita gari. Amma nan ne ba a korar mutum, kuma ruwan sama baƙo ne a Makka, sai a shekara ba a gan shi ba.

Ranar Laraba da hantsi ya sauko. Malam Wada ɗan ga-ruwa ne, yana can kan dutse yana kai wa gidajen Larabawa ruwa. Rumasa'u ma ta hau, ta kai soyayyiyar gyaɗar uwarta wani kanti. Ruwan ya tsare ta a soron wasu mutane da ba ta sani ba, ta raɓe a lungu har la'asar, sau biyu ana miƙo mata shayi tana kasa karɓa don kunya. Daga inda take tana jin ƙugin ruwa a kwari kamar ana niƙa duwatsu. Ranar babu wanda ya iya sauka. Ita da ubanta suka kwana wurin kawunta Rabe, ƙanen uwarta, wanda ɗakinsa yake gefen dutse.

Da gari ya waye suka sauka, babu unguwa. Laka ce shimfiɗe tun daga gindin wannan dutse har gindin wancan, sumul kamar an yi daɓe, sai can da can a ga kan gwangwani ko ƙafar jaki a miƙe. Wata maƙwabciyarsu ta kama hannun Rumasa'u tana kuka, ta ce, "Tare muka fito da uwarki, wallahi tare. Mun kusa gindin dutse ta ce akuyarta tana ɗaure. Na ga komawarta, ban ga fitowarta ba."

Ramlatu ba ta taɓa roƙon mijinta komai ba sai abu ɗaya. Shekara tara suka yi a hanya daga ƙasar Kano zuwa nan, ta binne 'ya'ya uku, ɗaya a Barno, biyu a Sudan, babu wanda za ta iya nuna kabarinsa. Takan ce ita dai in ta mutu a wanke ta, a yi mata salla a Harami, a kai ta Ma'ala, maƙabartar Makka, inda 'yarta za ta iya nunawa ta ce ga ta nan. Malam Wada ya ce mata in Allah ya yarda. Wannan alkawari ne yake tsaye a ransa yana kallon lakar.

Mutane sun riga sun fara tono, kowa inda yake zaton ɗakinsa yake, da diga da fartanya da hannu. Malam Wada bai taɓa ƙasa ba tukuna. Ya je ya tsaya wurin wani dutse mai tsaga da yakan jingina gwangwanayensa, ya auna taku, ya dawo ya sake aunawa daga bakin tsohuwar rijiya. Ya kafa turaku huɗu, ya ɗaura igiya, ya raba wurin gida-gida. Sannan ya hau cikin gari ya aro cokalin magini da rariya, ya yanke guntuwar tsintsiya, ya samo takardar ƙunshe sukari da rabin fensir, ya miƙa wa 'yarsa.

Rumasa'u ta san inda ya samo wannan. Suna Sudan, tana 'yar shekara bakwai, guzuri ya ƙare musu, ubanta ya yi hunturu uku yana aiki wurin wani Bature mai tonon kufai a bakin kogin Nilu. Ma'aikata suna ce masa Jan Wuya, saboda yadda rana ta dafa masa ƙeya. Yana jin Larabcin Sudan, kuma duk wanda ya kira shi Ingilishi sai ya tsayar da aiki ya gyara masa, ya ce shi mutumin Ailan ne, wani tsibiri daban, su ma Ingilishin sun daɗe suna hawan kansu. Cikin ma'aikata ɗari ya zaɓi Wada ya karɓe masa diga ya ba shi cokali, ya ce hannunsa yana da haƙuri. A duk rayuwar Malam Wada, wannan ne kaɗai lokacin da wani ya ce ya fi sauran mutane iya wani abu. Bai manta ba.

Kawu Rabe ya zo da diga a kafaɗa, ya tsaya yana kallon igiyoyin. Tsakaninsa da mijin yayarsa dama akwai wasa, ko a ranar bakinsa bai mutu ba.

Ya ce, "Yaya, wannan kuma fa? Dara za mu yi?"

"Ajiye digar nan, Rabe."

"In ajiye ta in yi tono da me, da haƙori?"

Malam Wada ya nuna wani rami can gefe da haɓa, inda mutane suka yi cirko-cirko. Ya ce, "Ka ga abin da ya faru da Bazabarmen can? Digarsa a kafaɗar ɗansa ta sauka. Yayarka ce a ƙasan nan, ba rogo ba."

Rabe ya sauke digar. Ya ce, "To da cokalin nan, kafin ka kai gare ta an yi aikin Hajji biyu."

"Zan kai gare ta yadda take, in ɗauke ta yadda take." Ya juyo wurin 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka ba ya faɗinsa. "Uwata, zauna nan. Duk abin da ya fito ki rubuta shi, da gidan da ya fito, da zurfinsa a ɗani. Kada ki bar komai. Abin da ya fito shi zai gaya mana ta wace fuska ɗakin ya faɗi, da inda take."

Karatunta na allo ne, izifi biyar ta yi aka cire ta don ta taya uwarta suya, amma tana iya haɗa baƙi. Ta zauna a bakin igiya ta ɗora takardar a gwiwa. Ranar nan ɗani ɗaya suka sauka a gida biyu. Abin da ta rubuta: ƙusa, gashin kaza, fasasshiyar kwalba, sai kusurwar rufi can da yamma.

Juma'a da safe Rabe ya dawo, ƙafafunsa duk laka har gwiwa, babu wasa a fuskarsa.

Ya ce, "Yaya, fito ka ji. Can bayan Kudai, inda kwarin ya buɗe, ruwa ya zubar da mutane. Daga can nake. Maza na duba su ɗaya bayan ɗaya. Mata kuwa an yi musu rumfa an kewaye da tabarmi, namiji ba ya leƙawa. Na ce 'yar'uwata nake nema, askarin da ke tsaron wurin ya ce, 'Jib hurma,' wai in kawo mace ta duba. Matan unguwa kowace da nata mamacin. Ka ba ni Rumasa'u mu je mu dawo. Da zafin nan ba za su jira kowa ba."

Malam Wada yana durƙushe yana share wani abu da tsintsiya, bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ta can."

"Wa ya gaya maka?"

"Mai ido ta ga komawarta, ba ta ga fitowarta ba. Jiya da yamma kuma na samu kusurwar rufin, a nan ya zauna, bai tafi ba. Ɗakin a kanta ya faɗi."

"To mu je mu duba mana, me za a rasa?"

"Yini guda za a rasa. Wa zai riƙe mini takarda? Kai da ko alif ba ka sani ba? Kuma in kai yarinya ta buɗe fuskokin da suka kwana biyu a ruwa? Uwarta ba za ta yafe mini ba."

Rabe ya juyo ya dube ta. "Ke fa, Rumasa'u? Uwarki ce. Ba ki da ta cewa?"

Maganar tana nan a bakinta, kalma huɗu kacal: Baba, bari in je. Tun da Kawu ya ambaci rumfar nan hankalinta ya karkata ta wannan fuska. Amma ba ta taɓa cewa wani abu bayan ubanta ya ce nasa ba, ga kuma maza biyu sun zuba mata ido. Ta dubi bakin fensirin, ta ce, "Yadda Baba ya ce."

Rabe ya ɗan tsaya, ya ce, "Halas, shi ke nan," ya juya ya tafi.

Aikin ya ci gaba. Malam Wada yakan karce laka da gefen cokali, ya tara a kwando, Rumasa'u ta ajiye takarda ta tankaɗe a rariya, ta koma ta rubuta. Shiru ya yi masa nauyi, sai ya shiga magana, kuma duk maganarsa ta Jan Wuya ce da mutanen ƙasarsu na da, waɗanda suka shuɗe shekara dubu da ɗoriya.

Ya ce, "Ƙasarsu ruwa ne, Uwata, kullum ruwa. Akwai waɗanda sukan shiga tsakiyar tafki su yi ta zuba duwatsu da gumagumai da ƙirare har su tayar da tsibiri, su kewaye shi da shinge su gina gida, don tsoron ɓarayin shanu. Su arzikinsu shanu ne, kamar Fulani. In gidan ya fara nutsewa sai su ƙara zubi su gina wani a kansa. Ya ce yana saurayi ya shiga irin wannan tono, ya tarar da daɓe a kan daɓe, kowane da murhunsa, da ƙasusuwan shanun da aka ci, da matajin ƙashi, da allurar tagulla ta maƙale mayafi."

Rumasa'u ta ce a hankali, "Baba, me ya sa suke sake ginawa inda ya nutse?"

Ya ɗan dakata da cokalin. Ya ce, "Mu me ya sa muka kafa a kwari?"

Rabe bai iya fushi mai tsawo ba. Kullum da azahar yakan zo da gurasa da ɗan wake a kwano, ya zauna a bakin ramin ya saki ƙafafu ciki. Ranar Asabar ya tarar ana zancen man shanu.

Malam Wada yana cewa, "Suna da wata fadama mai baƙar ƙasa, ba ta ruɓar da abu. Sai su cika akushi da man shanu su binne a ciki. Wani ya mutu bai tono nasa ba. Bayan shekaru ɗaruruwa mai yankan ƙasa ya ci karo da shi, yana nan fari fat."

Rabe ya ce, "Jan Wuyan ya ɗanɗana?"

"Ya ce ya lasa."

"To ai ka ji. Mutumin da ya lashi man kakan kakansa shi ne malaminka. A Makka kake zaune kana ba mu tarihin Nasara."

Malam Wada ya rage murya, ya waiga ko akwai mai ji. Ya ce, "Nasara ne, ban ce ba su ba ne. Amma akwai masu zuhudunsu da sukan ɗinka kwalekwale da fatun shanu, su shiga teku, su bar uwa da uba da gari saboda ibada, ba da niyyar komowa ba. Wasu su sauka a kan wani dutse a tsakiyar teku, su jera duwatsu su yi ɗaki kamar rumbu, babu ko laka, su zauna har mutuwa. Wasu su bazu ƙasashen mutane da littattafansu. Ranar da na gaya wa Jan Wuya tun yaushe muka bar gida da inda za mu, ya daɗe yana kallona, ya ce ashe har yanzu ana yi."

Rabe ya ce, "Ashe su ma suna da Takari." Ya ɓalli gurasa, bai ci ba. "Su nasu an san kaburburansu?"

"Manyan dai. Sarakuna da malamai suna cikin littafi, a fatar maraƙi suke rubutu. Amma matar da ta yi kaɗi ta tatsi nono, babu wanda ya rubuta sunanta. Ya ce ita a ƙasa ake karanta ta, shi ya sa ba a yi wa ƙasa gaggawa. Abin da ka tona da garaje ka yaga shi ke nan, ba a tona wuri sau biyu."

Rumasa'u tana ji tana rubutu. Amma akwai abin da ta lura da shi tun Asabar ɗin, ba ta faɗa ba. Duk ramin da aka samu mutum a ciki, ƙuda ne ya fara nunawa. Kafin masu tono su kai, sun riga sun ɗaure hanci da rawani. Iska in ta kaɗo daga wancan gefe sai an kau da kai. Nasu ramin kuwa ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai yake yi, babu ƙuda ko ɗaya sai wanda ya biyo waken Kawu. Ta san ubanta ma yana da hanci. Ta dube shi sau da yawa tana jiran ya faɗa, bai faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ranar Lahadi suka ɗage rufin, gwangwani bayan gwangwani, kowane sai an rubuta ta inda ya kwanta. Babu komai a ƙarƙashinsa sai yashi.

Ranar Litinin da hantsi cokalin ya taɓa wani baƙin zare a jikin ramin, kaurinsa bai kai farce ba. Malam Wada ya bi shi da tsintsiya har ya buɗe shi faɗin tabarma. Toka ce da ɓawon gyaɗa da ya ƙone.

Ya ce, "Rubuta. Daɓen ɗakinmu."

Ta leƙa. Shekara takwas suna kwana suna tashi a nan, nan ta koyi suya, nan uwarta take zama ta miƙe ƙafa da yamma. Abin da ya rage ke nan. Tukunya, adaka, tabarma, duwatsun murhu, duk ruwa ya kwashe kafin rufin ya zauna.

A gida na ƙarshe, wajen ƙofa, suka samu turken akuya, yana nan a kafe da igiyarsa. Malam Wada ya share igiyar a hankali har bakinta, ya tsura mata ido. Ya daɗe.

Ya ce, "Ba tsinkewa ta yi ba. Kwancewa aka yi. Ga bakin nan lafiya lau." Muryarsa kamar ta wanda yake karanta wa wani wasiƙa. "Ta kwance akuyar. Ta fito da ita."

Rumasa'u ta jira ya ajiye cokalin. Sai ta ga ya matsa tsakiyar daɓen ya ci gaba da karta. Ya ce ruwa yakan haƙa rami ya tsotse abu ƙasa, ya taɓa gani a bakin Nilu. Ya fasa tokarsu ya shiga yashin da ke ƙarƙashinta, ɗani ɗaya, ɗani biyu. Wajen la'asar ya ci karo da wata tokar, ta fi tasu kauri. A cikinta akwai ɓallin tukunya mai zane irin na gida, da kuɗin wuri hudaddu, da gululun mazari na yumɓu, ɗan dunƙulen nan da mata suke sa wa a gindin abin kaɗi. Ya ɗora shi a tafin hannu ya miƙo mata ta gani.

"Namu ne, Uwata. Wasu sun riga mu zama a nan, ruwa ya rufe su, muka zo muka kafa a kansu ba mu sani ba. Da Jan Wuya yana nan da ya gaya mana shekarunsu."

Ta karɓa ta juya shi, ta mayar masa. Ta rubuta: gululun wata mata.

Ranar Talata bayan azahar Rabe ya zo ba gurasa. Tare da shi akwai wata tsohuwa doguwa mai baƙin mayafi. Bai zo bakin ramin ba, ya tsaya nesa ya yafito Rumasa'u da hannu. Ya ce, "Wannan Hajja Shatu ce, daga unguwar Jarwal. Ita ta wanke matan da ke rumfar nan. Kwana uku ina nemanta." Ya koma gefe ya ba su baya.

Rumasa'u ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta ja ta inuwar dutse suka zauna.

Ta ce, "'Yar nan, ba zan ja miki rai ba. Mata goma sha ɗaya na wanke, biyar 'yan'uwansu sun zo sun ɗauke su. Shida babu wanda ya zo. A cikin shidan akwai wata tamu, fuska kam ba a magana, amma ƙaramin yatsan ƙafarta na hagu babu shi, tsohon rashi ne."

"Ƙaya ce ta ci shi a hanyar Wadai," in ji Rumasa'u. Ba ta ji muryarta ba sai da maganar ta fita.

"Kanta da sabon kitso, zane. Na dama sun tafi sambal, na hagu guda biyu sun karkace, kamar mai kitson ta gaji."

Rumasa'u ce ta yi kitson, ranar Talatar da ta wuce. Magariba ta kawo jiki ta yi sauri. Ta ce wa uwarta bari ta tsefe biyun nan ta sake, uwar ta ce bar su, wa zai gani a ƙarƙashin kallabi.

Hajja Shatu ta ce, "Na riƙe ta iyakar iyawata. Alhamis aka kawo ta. Juma'a suka ce a binne, na ce a'a, macen da aka yi wa kitso tana da 'ya ko ƙanwa, za a zo. Na zauna bakin rumfa ina duban hanya har rana ta faɗi. Asabar bayan azahar abin ya fi ƙarfin kowa. An yi musu salla a nan wurin, an sa su tare da mazan da ba a gane ba. Na wanke ta da kyau, 'yar nan, wannan kam ki kwantar da ranki. Likkafanin ma sabo ne."

Rumasa'u ta ce, "Na gode, Iya. Allah ya saka da alheri." Ta tashi ta gyara mayafi. Ta dubi Kawu, ya girgiza kai, alamar shi ba zai iya gaya wa ubanta ba.

Ramin yanzu ya kai ƙirjin mutum. Ta zauna a baki ta zura ƙafa ta sauka, abin da ba ta taɓa yi ba, don ubanta ya hana a taka inda ba a rubuta ba. Yana durƙushe yana share bakin wata tukunya.

Ta ce, "Baba, an binne Inna."

Tsintsiyar ta ƙara tafiya sau biyu ta tsaya.

"A ina?"

"Bayan Kudai. Tana cikin rumfar da Kawu ya faɗa."

"Yaushe?"

"Asabar, bayan azahar."

Ya zauna a kan dugadugansa. Ya dubi jikin ramin daga sama har ƙasa, kamar mai neman inda Asabar take. Ya ce, "Asabar muna gida na uku. Me muka samu?"

Ba sai ta duba takardar ba. Ta ce, "Murfin kwano, da takalmin wani."

Ya gyaɗa kai. Bai yi kuka ba. Ya ajiye cokalin a gefen tukunyar, ya daidaita shi, ya ajiye tsintsiyar kusa da shi. Da aka kira la'asar ya yunƙura zai fita ya kasa, sai da Rabe ya zo ya kama shi ta hammata ya jawo shi. Suka kama hanyar ɗakin Rabe. Ita kuwa tana biye da su a baya, takardun a hannunta, tana maimaita kalmomi huɗun nan a ranta, tana jin yadda suke da sauƙin faɗa.

Washegari da ta idar da sallar asuba ta yafa mayafi ta fita, ba ta tambayi kowa ba. Ubanta yana zaune a kan buzu ya fuskanci bango, ya ji fitarta bai juyo ba. Ta biya ta Jarwal ta ɗauki Hajja Shatu, suka bi kwari suka gangara, suna ratsa busasshiyar laka da ta fara tsattsagewa. Rana ta ɗaga kafin su wuce Kudai. An riga an kwashe rumfar, sai ramukan turakunta. Can gaba kaɗan ga tudun ƙasa a jere, goma sha uku, duk tsawonsu ɗaya, babu alama a kan ko ɗaya.

Tsohuwar ta riƙe mata hannu. "Nan za mu tsaya, mata ba sa ƙarasawa."

"Wanne ne, Iya?"

Hajja Shatu ta kare ido da tafin hannu ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ina cikin rumfa aka ɗauke su. Na leƙa ta tsakanin tabarmi, na ga kamar na huɗu ne ko na biyar. Amma Allah ya gani, ban riƙe ko daga wane gefe na fara ƙirga ba."

Rumasa'u ta sunkuya ta ɗauki wani dutse daidai cikin hannu, irin wanda ake ajiyewa wajen kan mamaci. Ta dubi na huɗu da na biyar daga gabas, ta dubi na huɗu da na biyar daga yamma. Ta yi wa layin duka sallama, ta karanta abin da ta iya. Tana nan tsaye har dutsen ya ɗauki zafi a hannunta, tsohuwar ta gaji ta zauna a ƙasa. Daga baya ta ajiye shi a gaban ƙafafunta, inda take tsaye, ta ɗaga Hajja Shatu suka juya. Da ta isa ɗakin Kawu ta tarar ubanta yana inda ta bar shi, sai ta hura wuta ta ɗora masa ruwan kunu.